Daidai Ruwa Daidai Tsaki: Nau'in Rubutu da Tsawonsa

Gabatarwa

Sau da yawa ɗalibi kan kawo rubutu don a buga a mujalla, sai editoci su mayar masa, shi kuwa ya ɗauka son kai aka yi. Alhali yawanci ba rashin basira ba ne ya kayar da shi, rashin auna rubutun ne da filin da aka ba shi. Wannan ɗan taƙaitaccen bayani zai duba yadda nau'in rubutu da tsawonsa kan sa mai karatu ya gamsu ko ya ƙosa.

Kowane Nau'i da Alƙawarinsa

Da zarar mai karatu ya ga nau'in rubutu, ya riga ya san abin da yake jira. Mai karanta labarin jarida so yake tun a sakin layi na farko ya ji me ya faru, a ina, yaushe. Mai karanta ƙagaggen labari kuwa so yake a ja masa rai. Alhaji Abubakar Imam ya riƙe ɓangarorin biyu: ya rubuta Ruwan Bagaja, wanda ya yi nasara a gasar 1933, ya kuma zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. A littafi yana da sararin kai Alhaji Imam gari-gari, amma shafin jarida ba ya ɗaukar wannan yawo.

Amfanin Ƙayyade Tsawo

Gasar Hikayata, wadda Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata marubuta, ta ƙayyade labari tsakanin kalmomi 1,000 zuwa 1,500. A irin wannan fili ba a ba da tarihin gida tun daga kakanni. Dole marubuciya ta ɗauki matsala ɗaya, da taurari biyu ko uku, ta shiga rikicin kai tsaye. Wadda ta cusa jigo uku za ta tarar kalmomi sun ƙare kafin warwara, sai ta yi ƙarshen gaggawa, mai karatu ya tashi da ƙishirwa.

Akasin haka ma illa ce. Wasu littattafan adabin kasuwar Kano an riƙa raba su kashi-kashi, na ɗaya, na biyu, har na uku. Inda labarin ke da nauyi, makaranta sun yi ɗokin ci gaba. Inda aka ja shi da maimaici kawai, sai su ji an ci kuɗinsu a banza.

Kammalawa

Saboda haka, kafin ɗalibi ya ɗora alƙalami, ya tambayi kansa: wa zai karanta, wane nau'i ne, shafi nawa aka ba ni? In maganar ta fi ƙarfin filin, ya rage jigon, ba bayanin ba. Ragowar ya adana don fitowa ta gaba.