Abin Da Ke Hana Sabon Allon Kwamfuta Nuna Hoto Garau

Sau da yawa ma'aikata takan kashe kuɗi masu yawa wajen sayen manyan allunan kwamfuta, amma da an jona sai a ga rubutu dishi-dishi, ko hoto yana tafiya da ƙyar. Nan take sai a ɗora wa ɗan kwangila laifi, alhali kuwa ba a nan gizo yake saƙar ba.

Hoton da muke gani a allo tarin ɗigo-ɗigo ne. Allon da ake kira 4K yana da ɗigo 3840 a kwance da 2160 a tsaye, watau fiye da miliyan 8. Akan sabunta hoton sau 60 cikin daƙiƙa ɗaya domin motsi ya tafi sumul. In aka haɗa da ratar da ake bari tsakanin layuka, tilas wayar ta ɗauki ɗigo miliyan 594 kowace daƙiƙa.

To, kowace kafa da iyakarta. DVI mai layi ɗaya, wadda ta fito a 1999, ba ta wuce miliyan 165. HDMI 1.4 ta 2009 ta tsaya a miliyan 340, saboda haka 4K mai cikakken launi sau 30 kaɗai take iya kaiwa. Sai a 2013, da HDMI 2.0 ta fito, aka kai miliyan 600.

Mai yanke hukunci kuwa shi ne direba, watau manhajar da ke sarrafa katin hoto. Da an kunna kwamfuta, allo yakan miƙa masa jerin abin da zai iya nunawa. Shi kuma sai ya auna jerin da ƙarfin kati da na kafa, ya soke duk abin da ya fi ƙarfinsu. Wanda aka soke ba zai bayyana cikin zaɓi ba, kome tsadar allon.

Wani lokaci ma sharaɗin lasisi ne ke kawo cikas. A 2024 ƙungiyar HDMI Forum ta hana kamfanin AMD sanya HDMI 2.1 cikin direbansa na Linux wanda kowa ke iya karantawa. Masu neman 4K sau 120 dole suka koma ga DisplayPort.

Saboda haka, ya kamata jami'an sayen kaya da ɗalibai su binciki lambar kafar kwamfutarsu, da irin wayar, da sabuntar direba, kafin su biya ko kwabo. Hausawa sun ce, tun ran gini ran zane.