Kimiyyar Gyaran Ƙananan Kayan Cikin Tsohuwar Mota

Duk wanda ya bi ta Ƙofar Dawanau, a arewacin ganuwar birnin Kano, ya nufi kasuwar Ƙofar Ruwa inda ake cinikin kayan gyaran mota, ba zai rasa cin karo da tsohuwar Peugeot 504 ba, wadda jama'a suka fi sani da Fijo. An fara ƙera wannan mota a Faransa a shekarar 1968, kuma daga 1975 aka shiga harhaɗa ta a Kaduna har na tsawon kimanin shekara talatin. Injinta yana da juriya, amma idan aka leƙa cikinta sai a tarar mariƙin ƙofa ya karye, na ɗaga gilashi ya tsinke, fuskar dashbod kuwa ta tsattsage kamar busasshen tabki. An daina ƙera motar, don haka sababbin kayanta sun yi wuya, na hannu kuma tsufansu ɗaya da waɗanda suka lalace. Wannan maƙala za ta bayyana dalilin lalacewar waɗannan kaya, da yadda mai mota zai gyara su da kansa.

Me ke sa roba ta tsufa?

Yawancin ƙananan kayan cikin mota da roba aka yi su. A kimiyyance, roba tarin dogayen sarƙoƙi ce na ƙwayoyin sinadari da ake kira folima, waɗanda suka cuɗanya da juna kamar zaren da ya harɗe. Tsawon sarƙoƙin da cuɗanyarsu su ne ke ba roba ƙarfi da iya lanƙwasa.

Abubuwa biyu ne ke cin wannan ƙarfi. Na farko shi ne hasken rana, musamman ɓangarensa da ido ba ya gani, wato altarabayolet. Wannan haske, tare da iskar oksijin, yana tsinka sarƙoƙin su zama gajeru, sai robar ta koɗe ta riƙa karyewa kamar busasshen kara. Na biyu shi ne zafi. A watan Afrilu zafin Kano yakan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, kuma dashbod ɗin motar da aka rufe a rana yana iya haura digiri 70. Robar PVC, wadda ake lulluɓe dashbod da kujeru da ita, asalinta ƙanƙararriya ce, sai an zuba mata wani sinadari mai maiƙo take yin laushi. Zafi yana fitar da wannan maiƙo sannu a hankali, wani ma ya sauka a jikin gilashin gaba ya yi masa hazo. Idan ya ƙare, robar takan tsuke ta tsage.

Sanin irin robar

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka duk roba ɗaya ce, a shafa gam a danne, bayan kwana biyu ta sake rabuwa. Robobi sun kasu gida biyu. Akwai waɗanda zafi ke narkarwa su sake daskarewa, kamar kakin zuma; cikinsu akwai ABS da folifirofilin, wato PP, wadda Giulio Natta na Italiya ya haɗa a 1954. Akwai kuma waɗanda idan sun daskare sau ɗaya ba sa sake narkewa, kamar dafaffen ƙwai. Misalinsu shi ne Bakelite, wadda Leo Baekeland ya ƙirƙiro a Amurka a 1907.

Motocin baya-bayan nan ana buga sunan robar a bayan kowane kaya, amma tsofaffi galibi babu wannan alama. Sai a koma ga gwaji biyu masu sauƙi, waɗanda malami zai iya gudanarwa a cikin aji. Na farko, a jefa ɗan guntun robar cikin kofin ruwa. Nauyin ruwa giram 1 ne a kowane murabba'in santimita mai zurfi, na PP kimanin 0.9, na ABS kuwa kimanin 1.05. Saboda haka PP za ta yi iyo, ABS ta nutse. Sai dai PP da aka gauraya da garin ma'adini don ƙarin tauri ita ma tana nutsewa, shi ya sa ake buƙatar gwaji na biyu. A ɗiga asiton, sinadarin da ke cikin yawancin ruwan goge jan farce, a wani ɓoyayyen gefe. Idan wurin ya yi laushi ya kama yatsa, ABS ce. Idan bai nuna komai ba, ana kyautata zaton PP ce.

Shiri kafin gyara

Idan kayan yana kusa da wayoyin lantarki, a fara da cire kan batir. A kwance shi a hankali, domin 'yan maƙalan da ke riƙe da shi su ma sun tsufa. A wanke shi da sabulu, a bar shi ya bushe, sannan a goge bakin karayar da samfefa. Gam ba ya kama maiƙo, kuma kaushin da samfefa ta bari yana ƙara faɗin wurin da zai riƙe.

Idan tsaga ce ba karaya ba, a huda ɗan ƙaramin rami daidai inda ta tsaya. Dalili kuwa shi ne, duk ƙarfin da ke jan robar yana taruwa ne a tsinin tsagar, kamar yadda yadi yake saurin yagewa daga inda aka ɗan tsaga shi da almakashi. Zagayayyen rami yana rarraba wannan ƙarfi, sai tsagar ta daina tafiya.

Gam da yadda yake kamawa

Gam ɗin nan mai saurin kamawa da ake kira sufagulu, Harry Coover ne ya gano sinadarinsa a 1942, aka fara sayar da shi a 1958. Mutane da yawa suna zaton bushewa yake yi, alhali ɗan danshin da ke jikin abu ne yake sa ƙwayoyinsa su sarƙe cikin daƙiƙoƙi. Wannan ne ya sa yake saurin manne yatsu, kuma yakan yi jinkiri a lokacin hunturu da iska take bushe. Yana aiki ne idan ɓangarorin biyu sun haɗu babu giɓi. Idan akwai giɓi, a cika shi da garin bekin soda, a ɗiga gam a kai. Nan take zai ƙanƙare ya zama abin da za a iya gogewa da samfefa. Haɗin yana fitar da zafi, haka nan idan gam ɗin ya zuba a kan auduga, don haka a kiyaye hannu da tufafi.

Kayan da ake ja da ƙarfi, kamar mariƙi, gam mai bututu biyu irin su Araldite ya fi dacewa da su. Ana gauraya bututun biyu daidai wa daida, su haɗu su zama roba irin wadda ba ta sake narkewa. A ɗora 'yar ragar waya ko ƙyallen yadi a bayan karayar, a shafe da gam, kamar yadda magini yake sa rodi cikin kankare. A bar shi kwana guda kafin a mayar, domin gaggawa aikin shaiɗan ce.

Ita ABS tana da hanyarta ta daban. A narka 'yan gutsattsarinta cikin asiton har su yi kauri kamar kunu, a shafa a karayar. Asiton zai sassauta sarƙoƙin ɓangarorin biyu su cuɗanya, idan ya tashi sai su zama abu guda.

Walda da zubi

PP kuwa gam na yau da kullum ba ya kama ta, domin jikinta yana korar ruwa kamar ganyen da aka shafa wa mai. Maganinta walda. Tana narkewa a wajen digiri 160, saboda haka ƙarfen da masu gyaran rediyo suke narka dalma da shi ya wadatar. A fafe bayan karayar ya yi ɗan kwari, a narka siririn yanki na roba irinta a ciki, a nutsa 'yar waya ta ratsa karayar. Roba iri biyu ba sa haɗuwa a walda. Kada a yi wa PVC wannan aiki, domin idan ta ƙone tana fitar da hayaƙi mai guba da ke cin huhu. Kowane aikin zafi ko na asiton a sarari ake yin sa, nesa da wuta da fetur.

Idan wani yanki ya ɓace gaba ɗaya, ana iya aro dabarar masu zubin tukwanen alminiyum. A danna lafiyayyen ɗan'uwansa na ɗaya ƙofar cikin yumɓu mai laushi ya bar siffarsa, a shafa basilin, a zuba gam mai bututu biyu. A yau ma akwai na'urorin da kwamfuta take sarrafawa, masu gina irin wannan kaya da narkakkiyar roba shimfiɗa bisa shimfiɗa.

Iyakar gyara

Ba kowane abu ake liƙawa ba. Maƙallin bel ɗin kujera, da sitiyari, da mariƙin birkin hannu, rayuka ne a kansu. Idan sun lalace sai canji a wurin bakanike. Mariƙin ƙofa na ciki da aka gyara ma a gwada shi da ƙarfi sau da yawa, domin ranar haɗari shi ne mafita. Bayan gyara kuma, a riƙa ajiye mota a inuwa, ko a rufe dashbod da yadi mai haske, tun da ranar da ta karya robar tana nan tana jiran wadda aka liƙa.