Mu yaƙi kuɗin cizo

Ƴan'uwa mutanen Tsarnawa, kuɗin cizo ƙwaro ne ja, bai kai ƙwayar wake ba. Da rana yana ɓuya cikin gado, tabarma da tsagar bango. Da dare ya fito ya sha jini. Alamarsa baƙin ɗigo a katifa.

Akwai irinsa mai bin jemage a rufin ɗaki. In jemage ya fita da magariba, a toshe kafar da yake shiga.

Zafi ke kashe su. A zuba tafasasshen ruwa a gado. A wanke tufafi da ruwan zafi. A yaɓe tsagar bango. Bayan kwana 10 a sake, don ƙwai na ƙyanƙyashewa.

Kada a fesa maganin ƙwarin albasa cikin ɗaki. Guba ne, yana iya kashe yaro.