Zaɓen Eriya Don Magana da Ƙasashen Nesa ta Rediyo

Duk mai sha'awar kafa rediyon oba-oba a gidansa don zantawa da ƙasashen nesa, wajibi ne ya fara samun lasisi daga Gwamnatin Tarayya, tare da lambar kira mai farawa da 5N, watau alamar Nijeriya. Bayan wannan sai batun eriya. Ita ce ke tura murya ta gajeren zango zuwa wani rufi na sararin sama, wajen kilomita 300 daga ƙasa, wanda ke mayar da ita ta sauka a wuri mai nisa.

Irin ƙasar wuri ita ke nuna eriyar da ta dace. Misali, eriyar tsaye, wadda a zangon mita 20 sanda ce ta ƙarfe mai tsawon mita 5, tana dogara da danshin ƙasar da ke kewaye da ita. A bakin fadamun Nguru da Gashua takan yi aiki sosai. Amma a Yusufari, inda rairayi ya yi yawa, busasshiyar ƙasa tana shanye ƙarfin muryar, sai fa in an shimfiɗa wayoyin tagulla masu yawa daga gindin sandar zuwa kowace fuska, kamar saiwar itace. Wanda ya ƙi yin haka, batirinsa ne zai ƙare a banza.

A irin wannan wuri eriyar kwance ta fi dacewa, ga ta da araha. Waya ce mai tsawon mita 10, a raba ta biyu daidai, a haɗa wayar akwatin rediyo a tsakiya, a ɗaga ta sama kamar mita 10. Gefe-gefe take tura murya. In an miƙa ta gabas da yamma, sai ta fuskanci Turai; in kudu da arewa, sai ta fuskanci wajen Makka.

Eriyar Yagi, wadda aka ƙirƙiro a Japan cikin 1926, ta fi su duka kai murya nesa, domin fuska ɗaya take tattara ƙarfinta. Sai dai tana da tsada, tana bukatar hasumiya, ga kuma guguwar farkon damina.

A lura kuma, ƙurar hunturu tana tara lantarki a jikin waya. Saboda haka a yi wa eriya hanyar zubar da shi cikin ƙasa, a kuma cire ta daga akwati da zarar hadari ya taso.