Naira 2,000 a takarda, mota a hannun hukuma

Jadawalin da ke ƙarshen dokar 2007 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ya yanka wa kowane laifi kuɗinsa. Rashin ɗaura bel naira 2,000. Gudun wuce ƙa'ida 3,000. Amsa waya ana tuƙi 4,000. Lodi fiye da kima 10,000, haka ma tuƙi ba lasisi. Tuƙin ganganci kuwa naira 50,000.

Lokacin da aka rubuta waɗannan alƙaluma, mafi ƙarancin albashi a ƙasa naira 5,500 ne. Tarar bel kaɗai ta haura kashi ɗaya cikin uku na albashin wata, ta ganganci kuwa ta cinye albashin wata tara. A Yulin 2024 albashin ya koma 70,000. Da wannan ma'auni tarar bel ba ta kai kashi 3 cikin 100 ba, ta ganganci kuma ta koma ta kusan mako uku. In da fetur za a auna, naira 2,000 tana sayen lita kusan 30 a 2007, bayan cire tallafi a 2023 kuwa ba ta kai lita huɗu ba. Tarar ta rame, shi ya sa direbobi da yawa ba ita suke tsoro ba.

Abin da ke ci musu rai shi ne abin da aka riƙe. Takardar laifi da sunan wanda aka kama a sitiyari ake rubuta ta, kuma jami'i na iya karɓe lasisinsa ko takardun motar har sai ya kawo shaidar biya ta Remita. Idan aka tsare motar kanta, doka ta ce direba ko mai mota zai biya naira 200 a kowace rana bayan awa 24 na farko. Wata shida ya tashi kusan naira 36,000, kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Amma a cikar wata shidan ne hukumar ke da damar neman Babbar Kotu ta ƙwace motar a yi gwanjonta. A nan laifin direba ke komawa kan mai mota. Wanda ya ba da bas ko tirela haya, ko da yana gida kwance sa'ad da aka yi kamen, shi ne ke asarar balas na kowace rana, shi ne kuma zai rasa jarinsa in yaronsa ya ɓoye takardar ya yi shiru. Wanda ya ga an zalunce shi yana da damar ƙin biya ya tsaya gaban kotu, har da ta tafi-da-gidanka, sai dai 'yan haya ƙalilan ne ke iya jure zaman mota har a gama shari'a.

Akwai kuma maki, wanda kusan ba a kula da shi. Bel maki 2 ne, waya 4, ganganci 10. Daga 10 zuwa 14 gargaɗi ne, 15 zuwa 20 a dakatar da lasisi, 21 a janye shi. Wannan a kan direba kaɗai yake, kuma biyan tara ba ya goge shi.

Legas ta bi wata hanya, kuma duk mai kai kaya Kudu ya kamata ya san ta. Kyamara lambar mota take karantawa, saƙo kuma ya tafi wayar wanda aka yi rajista da sunansa. A 2025 jihar ta sanar da tarar naira 20,000 ga tsallake jar danja, da 50,000 ga gudun wuce ƙa'ida, wato ninki 16 da ɗoriya na kuɗin jadawalin FRSC. Dokar jihar ta 2018 ta ba da damar ƙwace motar da ta bi hannun da ba nata ba, kuma a Satumbar 2022 an yi gwanjon motoci 134.

Mu da muka saba sayar da mota a miƙa takardu hannu da hannu ba tare da canza suna ba, tsarin kyamara zai fi kama mu. Motar tana iya wuce hannu uku ta bar Kano ta koma Apapa a Legas, amma a kwamfutar gwamnati sunan mai ita na farko ne ke nan, kuma shi za a bi bashin.