BAYANI A KAN WA'ADIN CIYAMOMI DA GARDAMAR WANDA YA CANCANCI TSAYAWA ZAƁE

 Ya kai mai karatu, ka sani a cikin hukumomin ƙasar Nijeriya babu wadda ta fi kusa da talaka irin ƙaramar hukuma, watau magajiyar En'e, babu kuma wadda shugabanninta suka fi zama a kan ƙaya. Ƙananan hukumomi 774 ne a ƙasar. Tun gyaran da aka yi a 1976 aka ce jama'a ne za su riƙa zaɓen masu riƙonsu, amma tambaya biyu sun daɗe suna kai mutane gaban alƙali: shekara nawa ciyaman zai yi a kan kujera, wa kuma ya cancanci ya nema?

Tushen abin yana cikin Tsarin Mulki na 1999. Tsarin ya yanka wa Shugaban Ƙasa da gwamnoni wa'adin shekara 4, ya ce kada ɗayansu a zaɓe shi fiye da sau biyu. Da ya zo kan ƙananan hukumomi sai sashe na 7 ya ce lalle ne zaɓaɓɓu su riƙe su, sa'an nan ya bar wa kowace jiha ta tsara sauran da dokarta. Bai faɗi adadin shekaru ba. Ta wannan ƙofa da aka bari a buɗe rigima ta shigo.

Ciyamomin da aka zaɓa cikin watan Disamba na 1998, zamanin Janar Abdussalami Abubakar, dokar soja ta ba su shekara 3. Da wa'adin ya gabato sai Majalisar Tarayya ta yi Dokar Zaɓe ta 2001, ta mayar da shi shekara 4. Jihohi suka ce ba su yarda ba, suka kai ƙara Kotun Ƙoli, Jihar Abiya ce a kan gaba. Cikin watan Maris na 2002 kotu ta ce Majalisar Tarayya ba ta da ikon ƙara wa ciyaman ko rage masa, wannan aikin majalisar jiha ne. To, a bisa zahiri jihohi ne suka ci shari'a, amma a haƙiƙa gwamnoni ne suka ci. Gama da wa'adin ya ƙare a watan Mayu na 2002 ba a yi zaɓe ba, sai aka naɗa kantomomi, yawancin jihohi kuwa ba su sake kiran jama'a rumfar zaɓe ba sai a 2004.

Daga nan kantoma ya zama kamar al'ada. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Kuɗin ƙananan hukumomi ta asusun haɗin gwiwa na jiha suke biyowa, shi ko kantoma gwamna ne ya naɗa shi, gwamna ne kuma zai tuɓe shi duk ran da ya ga dama. Hausawa suka ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Wanda ya san a hannun mutum ɗaya kujerarsa take, ina zai sami bakin tambayar inda kuɗin asibiti da na makarantar garinsu suka maƙale?

Ko zaɓaɓɓen ma bai tsira ba. A Katsina, gwamnatin Aminu Bello Masari ta rushe majalisun ƙananan hukumomi 34 a 2015, waɗanda aka zaɓa zamanin Ibrahim Shema, tun wa'adinsu bai cika ba. Aka yi ta shari'a har ran 7 ga watan Mayu 2021, inda Kotun Ƙoli ta ce rushewar haramtacciya ce, ta yi umurni a biya su haƙƙoƙinsu. A wannan rana ta yanke irin wannan hukunci a kan Jihar Oyo. Sai dai mai hankali ya duba: gaskiya ta fito bayan shekara kusan 6, lokacin da wa'adin da ake jayayya a kansa ya daɗe da shuɗewa. Ciyamomi kotu ta ce a biya su albashinsu, mutanen da suka yi layi cikin rana suka zaɓe su kuwa babu abin da aka mayar musu.

Ran 11 ga watan Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta sake magana, a ƙarar da Babban Lauyan Tarayya, Lateef Fagbemi, ya kai gwamnonin jihohi 36. Ta ce riƙon kantoma ya saɓa wa Tsarin Mulki, a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kada kuma a ba wadda ba zaɓaɓɓu ne ke riƙe da ita ba. Nan da nan jihohin da suka yi shekaru suna cewa babu halin yin zaɓe suka sami hali. Jigawa da Kaduna da Kano duk suka yi nasu cikin watan Oktoba na wannan shekara, a kowace kuwa jam'iyyar gwamna ce ta kwashe kujerun ciyamomi kaf. A Jihar Ribas kuma, inda wani ɓangare na majalisa ya ƙara wa ciyamomi wata 6 gwamna ya ƙi, an yi zaɓe a Oktoban, amma Kotun Ƙoli ta soke shi a watan Fabrairu na 2025.

Zaɓen Kano shi ya fi dacewa a tsaya a kansa, domin a nan ne gardamar cancanta ta fito fili ta fuska uku. Hukumar zaɓe ta jiha ta sa wa takardar neman ciyaman Naira miliyan 10, ta kansila miliyan 5. Jam'iyyun hamayya suka kai kuka kotu, aka hana karɓar wannan adadi, sai hukuma ta rage miliyan ɗai-ɗai, ya koma 9 da 4. Malamin makaranta ko manomin da unguwarsu ta amince da shi, ina zai samo miliyan 4 don ya zama kansila? Babu dokar da ta hana shi tsayawa, amma kuɗi sun hana shi. Har wa yau aka wajabta wa 'yan takara gwajin shan miyagun ƙwayoyi a wurin hukumar da ke yaƙi da su, kamar yadda aka yi a zaɓen 2021, wannan kam mutane da yawa sun yaba.

Sa'an nan gardama ta juya kan masu auna cancantar su kansu. Ana saura kwana kaɗan zaɓe, Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta ce shugaban hukumar zaɓen, Farfesa Sani Lawan Malumfashi, da abokan aikinsa ba su cancanci riƙon hukumar ba, domin 'yan jam'iyyar NNPP ne, doka kuwa ta hana ɗan jam'iyya ya zama alƙalin zaɓe. Ita kuma Babbar Kotun Jiha ta ce a ci gaba da zaɓe, kada kowa ya hana. Kotu biyu a gari ɗaya, kowace da nata umurni, talaka ya rasa wadda zai bi. Aka yi zaɓe ran 26 ga watan Oktoba, jam'iyyar APC ba ta shiga ba, NNPP ta ɗauki ciyamomi 44 da kansiloli 484, ba a bar wa kowa ko ɗaya ba.

A 2025 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta jingine hukuncin Kotun Tarayya, bisa hujjar cewa tun farko ba ta da hurumin sauraron ƙarar da ta shafi hukumar zaɓe ta jiha. Da wannan ciyamomin suka tabbata a kan kujerunsu.