Kamun Kifi da Gashin Tsuntsu da Wayar Tagulla

Mai son kamun kifi a unguwar Kagarawal ta birnin Gombe sai ya yi tafiyar kilomita talatin da 'yan kai zuwa gabas kafin ya isa madatsar ruwa ta Dadin Kowa, wadda aka gina a kan kogin Gongola. Kafin ya tashi kuma dole ya nemi tana, ga shi kuwa tana takan yi wuyar samu idan rani ya tsananta, ƙasa ta bushe. Akwai wata dabara da ta samo asali a Ingila wadda za ta iya rage masa wannan wahala.

Yawancin abincin ƙananan kifaye a ƙarƙashin ruwa yake, watau 'ya'yan ƙwari waɗanda ke zaune cikin ciyayi da gindin duwatsu kafin su yi fiffike. Wani lauya mai suna G. E. M. Skues ya lura da haka a kogin Itchen, ya rubuta littafi a 1910, masu kamun kifi na zamaninsa suka yi ta sukarsa, don su a ganinsu abin kunya ne a nutsar da ƙugiya. Bayansa sai Frank Sawyer, mai kula da kogin Avon, ya ƙago ƙwaron ƙarya da gashin jelar wani tsuntsu dangin fakara, ya bayyana shi a littafinsa na 1958.

Yadda ake ɗaura shi ba wuya. Ana samun ƙaramar ƙugiya da siririyar wayar tagulla, irin ta cikin tsohuwar fanka ko rediyo. Sai a nannaɗa wayar a jikin ƙugiya, a tara ta kusa da ido ta yi ɗan tozo, domin nan ne ƙirjin ƙwaron, kuma nauyinta ne zai nutsar da shi. Sa'an nan a tsinko zare huɗu daga gashin tsuntsu, a ɗaure su a ƙasa, a bar tsininsu ya leƙo kamar jela. A murɗa sauran tare da wayar, a nannaɗo zuwa sama, a lanƙwasa abin da ya rage a bisa tozon, a ɗaure. Sawyer bai yi masa ƙafafu ba, domin ya lura ɗan ƙwaron yakan naɗe ƙafafunsa in yana iyo. Wancan tsuntsu dai babu shi a Gombe, amma ga zabi, kuma masu wannan sana'a a Turai da Amurka su ma suna amfani da gashin zabo.

Gwaninta tana wajen jifa. Ana jefa ƙugiyar sama da inda kifi yake, a bar ruwa ya gangaro da ita tana nutsewa. Da ta iso gabansa sai a ɗaga sanda kaɗan, ƙwaron ya yi sama kamar mai shirin gudu. A nan ne kifi kan kai cafka. Lalle ido ya kasance a kan igiya, don da ya ji ba nama ba ne zai tofar nan take.

Sai dai fa ba kowane kifi wannan dabara ke ruɗa ba. Tarwaɗa da kurungu da gashin baki suke laluben abinci cikin laka, gashin zabo kuwa ba shi da ƙamshi. Karfasa da kawara, masu farauta da ido, su ne abin nema. Da damina kuma Gongola kan yi jajawur, kifi ba ya ganin komai, saboda haka lokacinta shi ne daga hunturu zuwa bazara, sa'ad da ruwa ya kwanta ya yi garau.